SprayMax 2K Clear Glamour: gwangwanin na da kyau, amma ba ya liƙe fentin da ya fara ɓarewa

Akori-kurar da ta daɗe tana yini a rana, Hilux ce ko Tacoma ko Tundra 'yar Kwatano, daga sama take fara tsufa. Rufi da bonet da kafaɗun ƙofofi su ne ke fara yin fari-fari, sai wurin ya tsattsage, daga nan wata siririyar fata ta riƙa ɗagowa tana ɓarewa, ta bar kalar da ke ƙasa a dushe. Wannan fatar ita ce fentin sheƙi, hawa na ƙarshe marar kala da kamfani ke fesawa a kan fentin kala. Mai motar da ya ƙudurta gyarawa da kansa a gida, in ya shiga bincike, da wuya bai ci karo da SprayMax 2K Clear Glamour ba, gwangwanin feshi na kamfanin Peter Kwasny da ke Gundelsheim a ƙasar Jamus. Kaya ne na gaske, ya fi gwangwanayen sheƙi na gama-gari nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce da yawa daga masu sayensa suna ɗora masa aikin da ba nasa ba, sannan su zage shi.

Abin da ya bambanta shi yana cikin cikinsa. Gwangwanin sheƙi na kasuwa ruwa ɗaya ne: a fesa, tina, wato ruwan da ke tsinka fenti, ta tashi, ya bushe. Irin wannan ko bayan shekara aka ɗiga masa fetur sai ya yi laushi, kuma rana ba ta ɗaukar lokaci wajen cinye shi. SprayMax ruwa biyu ne a gwangwani ɗaya mai mililita 400. Akwai ruwan sheƙin, akwai kuma hadina, wato sinadarin da ke sa shi ya sandare, a cikin wata 'yar ma'ajiya da ke kulle a ciki. A murfin akwai wani jan maɓalli. Za a girgiza gwangwanin minti 2, a cire jan maɓallin, a kifa gwangwanin, a ɗora maɓallin a kan tsinken da ke gindinsa, a danna da tafin hannu har ya shige, a sake girgizawa minti 2 cikakku. Daga wannan lokacin ruwan biyu sun haɗu, kuma abin da zai fito irin wanda ake fesawa da bindigar feshi ne a gareji: in ya gama sandarewa fetur ba ya narka shi, yana ɗaukar guga da folish, yana jure rana. Kamfanin ya ce bayan dannawa ana da kimanin awa 48 a zafin digiri 20. A rubuta lokacin dannawa a jikin gwangwanin, kuma wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kada ya dogara da awa 48 ɗin nan, domin zafi na gaggauta haɗuwar sinadaran. A ɗauka na yini ɗaya ne.

Bakin feshinsa ma abin yabo ne. Ba ɗigo zagayayye yake fitarwa ba kamar sauran gwangwanaye, feshi mai faɗi yake yi, ana kuma iya juya shi ya tsaya ko ya kwanta. Wannan ne ke sa a iya shimfiɗa hawa mai jiƙa ba tare da layi-layi ba.

To, ina gizo ke saƙar? A tunanin cewa za a ɗan goge gefen wurin da ya ɓare, a fesa sabon sheƙi a kai, a tashi da mota kamar sabuwa. Ranar farko haka za a gani, domin duk abin da ya jiƙe yana haske. Bayan 'yan watanni ɓarewar za ta dawo, wannan karon da sabon sheƙin a bayanta. Dalili kuwa ba a saman fentin cutar take ba. Gaba ɗaya fentin kamfani kaurinsa bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), wanda sheƙin ke da kamar 35 zuwa 50 a ciki. A cikin sheƙin akwai sinadaran da ke tare hasken rana mai ƙuna. Shekaru na tafiya suna ƙarewa, yawan folish da inji kuma na rage kaurin. Da zarar hasken ya fara ratsawa, sai ya lalata daidai inda sheƙi ya kama kala, haɗin ya saki. Wurin da ido ke gani ya ɓare ƙarshen labari ne. A kewayensa akwai fili mai faɗi da ya riga ya saki amma bai ɗago ba. Sabon sheƙi tsohon zai kama, tsohon kuma bai kama komai ba. Ƙari a kan haka, tinar da ke cikin sabon feshi tana shiga ƙarƙashin gefen da ya saki ta ɗaga shi, ya yamutse nan take. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Saboda haka kafin a kashe ko kobo a kan gwangwani, a yi gwaji uku. Na farko, a sa ɗan man guga a farin ƙyalle a murza a wurin da ya dushe. In kalar motar ta fito a ƙyallen alhali babu alamar ɓarewa, wataƙila fentin mai hawa ɗaya ne, ba shi da sheƙi a kai, kamar yadda ake samu a fararen motocin aiki da yawa. Irin wannan folish yake buƙata, ba feshi ba. Na biyu, a wurin da ake ganin yana da lafiya, kamar taƙi ɗaya daga ɓarewar, a tsaga ƙananan layuka masu giciye da reza, a manna tef mai ƙarfi, a danne, a fizge. In sheƙi ya biyo tef, wurin ma matacce ne, a matsa gaba a sake gwadawa har a kai inda bai biyo ba. Sau da yawa a bonet da rufi ba a samun irin wannan wuri, kuma hakan amsa ce. Na uku, a jiƙa ƙyalle da tina a ɗora a wani lungu na minti ɗaya ko biyu. In fentin ya yi laushi ko ya kama ƙyallen, to an taɓa yi wa motar feshin bakin hanya da fenti mai ruwa ɗaya. Wannan sai dai a kankare shi, ko a toshe shi da faraima, wato fentin shimfiɗa da ake fara sawa a ƙasan kala, mai ruwa biyu kafin a ɗora komai, in ba haka ba sabon feshi zai tayar da shi.

Aikin gaskiya guga ne, kuma shi ke cin kashi mafi yawa na lokaci. A fara wanke motar da sabulu da ruwa, a bi da ruwan cire maiƙo na masu fenti, ƙyalle ɗaya na shafawa, ɗaya na gogewa tun bai bushe ba. Wannan kafin guga ake yi, ba bayanta kaɗai ba, domin sanfefa na tura maiƙo da kakin folish cikin karce. Fetur da kananzir ba sa maye gurbin wannan ruwan, suna barin nasu maiƙon. Man da masu wankin mota ke shafa wa taya da dashbod kuwa, a nisanta shi daga wurin baki ɗaya: silikon ne a ciki, ɗan kaɗan ya isa ya sa sabon feshi ya riƙa buɗe ƙananan ramuka zagayayyu da ba sa rufuwa komai yawan hawa.

Sai a ɗauki sanfefa P320 (lambar na ƙaruwa, kaushin sanfefar na raguwa), da injin guga in akwai, a cire duk sheƙin da ya saki. In ya yi kauri ko an taɓa sake fenti, a fara da P240 a dawo P320. Inda tsohon sheƙi mai lafiya ya haɗu da wurin da aka goge, a kwantar da gefen har yatsa ya wuce bai ji tudu ba. Ido na ruɗi a nan, yatsa ba ya yi. Gefen da aka bari da ɗan tudu zai fito kamar taswira a ƙarƙashin sabon fenti, wani lokaci sai bayan mako guda, idan komai ya gama zama. A kan kusurwoyi da layukan jikin mota a ajiye inji a yi da hannu, nan fenti ya fi siranta, daƙiƙa biyu ta isa a ga ƙarfe. In ƙarfe ya fito, a rufe shi da faraimar da ke kama ƙarfe a ranar, musamman da damina.

A nan ne masu neman gajeriyar hanya ke sake tambaya: tunda an cire mataccen sheƙi, ga kala a ƙasa, me zai hana a fesa SprayMax kai tsaye? Kalar da ta yi watanni a buɗe ta sha rana, ta sha ƙura da sabulu, ta zama gari-gari. Kaurinta ma bai cika kai maikiron 20 ba, sanfefa na ratsa ta nan da can. In kalar mai ƙyalƙyali ce, ruwan azurfa ko ruwan toka ko zinariya, guga na rikita ƙananan ɓarɓashin alminiyom da ke ciki, sheƙi kuma zai fito da kowane karce fili ya kulle shi a ƙasa. Farar mota marar ƙyalƙyali ce kaɗai ake iya ɗan yi wa wannan wayon a sha, shi ma daga nesa. Hanyar da ke ɗorewa ita ce faraima mai ruwa biyu hawa 2 zuwa 3 a kan wurin da aka goge, a bar ta ta bushe yadda takardarta ta ce, a goge da katako mai lebur da P400, a gama da P600 da ruwa, ko P800 in kalar mai ƙyalƙyali ce. Kafin gugar a ɗan yayyafa baƙin fenti sama-sama. Duk inda baƙin ya rage bayan guga, rami ne ko karce. Sauran fallen, wato ɓangaren jikin motar da ake gyarawa kamar bonet ko ƙofa, da tsohon sheƙinsa ke da lafiya a dusar da shi da P800 zuwa P1000, har babu wurin da ke haske.

Fentin kala kuma a haɗo shi da lambar motar. A Toyota lambar na kan 'yar takarda ko farantin da ke ginshiƙin ƙofar direba ko ɗakin inji, bayan haruffan C/TR. Ya zama fentin kala na mota wanda aka yi don a ɗora masa sheƙi, ba gwangwanin fentin ƙofar gida ba, wanda yakan yamutse a ƙarƙashin sheƙi mai ruwa biyu. A gwada haɗin duka a wani tsohon ƙarfe tukuna. Kala hawa 2 zuwa 3, kowanne ya sha iska har haskensa ya mutu. Akwai iyakar lokacin da kala ke karɓar sheƙi ba tare da guga ba, yawanci bai wuce awa 24 ba. Wanda ya fesa kala ranar Asabar ya ce sai Asabar mai zuwa zai yi sheƙi, da hannunsa ya shirya ɓarewa ta gaba.

Yanzu ne gwangwanin ke shigowa, kuma a nan yana cika alkawari. A share falle da ƙyalle mai danƙo na ɗauke ƙura. A riƙe gwangwanin kamar santimita 15 daga jiki, hannu na tafiya a miƙe daidai da fallen, ba wuyan hannu ke lilo ba. A fara dannawa kafin a shiga falle, a saki bayan an fita, kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. Hawa na farko matsakaici, a jira minti 10 zuwa 15, har in an taɓa tef ɗin gefe a ji danƙo amma bai biyo yatsa ba. Hawa na biyu cikakke, mai jiƙa, ana bin hasken da ke tafe a bayan feshi. Wanda ke son gogewa da sanfefa daga baya ya ƙara na uku, don ya sami abin gogewa. A kai sheƙin har ƙarshen falle, bonet gaba ɗaya, rufi har layin da ya raba shi da gefe. Tsayawa a tsakiyar falle na barin siririn gefe da rana za ta fara ci.

Raunin gwangwanin na farko daidai yake faɗawa inda ake buƙatarsa. Gwangwani ya fi son feshi a tsaye, bonet da rufi kuwa a kwance suke. In ruwan ya yi ƙasa kuma aka karkata shi da yawa, sai ya fara tofi, ɗigo ɗaya kuma ya isa ya ɓata tsakiyar bonet. Maganin bonet shi ne a kwance shi daga motar a jingine shi. Rufi ba shi da wannan gata, sai a tanadi benci a kowane gefe, a riƙa goge bakin feshin da ƙyalle, a canja gwangwani tun bai ƙare ba, ragowar a yi gefe da ita. Gwangwani na gaba ya kasance an riga an danna shi an girgiza, domin tsayawar minti 4 a tsakiyar rufi na barin busasshen layi.

Yanayi ma sai an yi lissafinsa, tunda alkaluman da ke jikin gwangwanin na digiri 20 ne. Da bazara a arewa inuwa kanta takan haura digiri 40, ƙarfen da ke rana kuwa hannu ba ya iya zama a kai. A irin wannan zafi feshi na bushewa a iska kafin ya sauka, ya fito da kaushi kamar ɓawon lemo, ko saman ya rufe tina na ciki, ta ɓullo da ƙananan ƙuraje. Feshi da sassafe ake yi, a inuwa, ƙarfe na da sanyi amma raɓa ta bushe. Da hunturu abokin gaba ƙura ce: sheƙin na ɗaukar kusan kwata na awa kafin ƙura ta daina kama shi, kuma kwata ɗin nan ya isa iska ta yi ɓarna. A kewaye rumfa da leda, a yayyafa ruwa a ƙasa. Da damina laima na iya sa shi ya yi hazo-hazo, don haka ranar da hadari ya haɗo a haƙura. Feshin dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki kuwa gayyatar ƙwari ne.

Rauni na biyu lissafi ne. Gwangwani ɗaya, a kaurin da ya kamata, bai kai ya rufe murabba'in mita ɗaya ba. Bonet na akori-kura zai ci kamar 2 zuwa 3, rufin mai ƙofa huɗu 3 zuwa 4. Mota gaba ɗaya har da bodin baya ta wuce dozin da nisa, kuma ko kuɗin bai dami mutum ba, feshin gwangwani bai da yawan da zai riƙe babban gefe a jiƙe daga farko zuwa ƙarshe, musamman a zafi. Masu ƙorafin cewa bai yi haske ba, galibi sun miƙar da gwangwani biyu a aikin huɗu ne. Siririn hawa ba ya kwanciya, ba ya kuma tare rana. Wanda zai sake fentin mota duka, sheƙi na lita da bindigar feshi mai baki 1.3 ko 1.4 ya fi masa araha da kyau, a haɗa shi da hadina yadda gwangwaninsa ya ce, wanda a yawancin irin nan kashi 2 ne da 1. Sai dai bindiga na son kwampreso mai iska sosai da matatar ruwa a layi da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar hawa ba, abin da ba kowane gida ke da shi ba. A nan SprayMax ke da gurbinsa: bonet ɗaya, rufi, fanda, ƙofa, murfin madubi, ba tare da inji ko janareto ba. Ga mota duka kuma akwai tsaka-tsaki mai ma'ana, mutum ya yi wanki da guga da faraima a gida, ya kai wa mai ɗakin feshi ya yi kala da sheƙi.

Maganar lafiya ba ta ado ba ce. Hadinar da ke sa shi ƙarfi tana da sinadarin aisosayanet, wanda shaƙarsa ke jawo asma, kuma wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi, ɗan kaɗan ma na tayar masa da ciwon har ƙarshen rayuwa. Zuwansa a gwangwani bai rage wannan ba. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya abin rufe fuska mai kawo iska daga waje take shar'anta wa masu fesa irin wannan fenti a gareji. Mafi ƙarancin abin da mai aikin gida zai sa shi ne abin rufe hanci mai sabuwar matatar gawayi da ta ƙura, irin A2P3, wanda ya zauna daram a fuska. Gemu na hana shi zama, wannan gaskiya ce da ba a son ji. Takunkumin asibiti da rawani da ƙyalle ba sa tare komai. A haɗa da tabarau mai rufe gefe, safar hannu ta naitiril da riga mai dogon hannu. Kada a yi feshi a tsakar gida inda yara da dabbobi suke, ko kusa da murhu, janareto ko mai shan taba. Hazon na nan a iska bayan ido ya daina ganinsa, don haka ba a cire abin fuska don a leƙa aiki. Mai asma ya bar wa wani.

Wajen saye a duba abu biyu: kwanan watan da ke jikin gwangwanin, da tsinken gindinsa. In tsinken ya riga ya shige, an danna shi, abin da ke ciki ya daskare ko yana hanya. Gwangwanin da ya yi watanni a shagon kwano ma abin shakka ne, tunda ba a son ya wuce digiri 50, saboda haka kada a bar shi a cikin mota a rana. Kada kuma a roƙi wani ya saƙo shi a jakar jirgi, kaya ne mai kama wuta da ba a yarda fasinja ya ɗauka ba. A karanta sunan da kyau, domin kamfanin na da mai dushi-dushi marar haske da kuma na fitilun gaba, gwangwanayen sun yi kama.

Bayan feshi a cire tef tun sheƙin bai gama tauri ba, ana ja a hankali zuwa baya. Inda ya zuba kada a taɓa shi a jiƙe. A bar shi aƙalla awa 12, wuri mai kauri ya fi son kwana biyu, sannan a sassabe tudun da ƙaramin katako da P1500 da ruwa, a bi da P2000 da P3000, a tayar da haske da man guga. Ƙura da ɗan kaushi ma haka ake yi musu. Wanki da ruwa da hannu ba laifi bayan mako guda, amma kakin folish da lulluɓa tamfol a jira wata ɗaya zuwa biyu, domin tina na ci gaba da fita ko da sama ya yi tauri, kuma tamfol a rana na barin sawunsa a sabon sheƙi.